Tufka da Warwara: Kundin Gwajin Gammo a Dogon Gashi Mai Santsi

Litinin, 3 ga Maris

Awo tukuna. Daga gaban goshi, a bi ta tsakar kai a gangara har bakin gashi, santimita 82. Jelar kanta, daga inda aka tattara ta a bayan kai zuwa baki, 55. Kaurinta idan an zagaya da tef ɗin tela, 7 da rabi, matsakaici ke nan, tunda masu dogon gashi kan kira abin da bai kai 5 ba siriri, wanda ya haura 10 kuma mai kauri. Silin gashin siriri ne, miƙaƙƙe sambal, ga santsi. Akwai guntaye a gaba da suka tsaya iya haɓa.

Abin da nake nema: gammo, wato gashi a naɗe a dunƙule wuri ɗaya a kai, ya yi awa 10 ba a kai masa hannu ba, kada ya sa ciwon kai, ɗaurinsa kuma kada ya ci fiye da minti 3. Kowane gammo, da zarar an gama shi, za a girgiza kai sau 10, a sunkuya sau 3, sannan a duba agogo. Lokacin da hannu ya fara zuwa gyara, nan lissafi ya tsaya. Wankin kai Laraba da Asabar ne, kuma zan riƙa rubuta kwana nawa da wanki.

Kayan da ke hannu: robar gashi 6, fil mai matsi 24 (irin mai santimita 5, gefe ɗaya a miƙe, ɗayan mai gargada), mataji mai manyan haƙora.

Talata, 4 ga Maris (kwana 3 da wanki)

Ɗaurin da kowa ya sani: a tufke jela da roba zagaye uku, a murɗa ta kamar igiya, a naɗe ta a gindinta, a cusa bakin a ƙarƙashi, a soka fil 8. Ya ci gwajin girgiza. Awa 1 da minti 40 ya yi.

Na duba da madubi biyu don in ga ta inda ya fara lalacewa. Robar ce ta fara zamewa, ta yi ƙasa da kusan faɗin yatsu biyu. Da ta sauka, gashin da ke kwance a kai ya saki, gammon ya rataya, nauyinsa duka ya koma kan fil. Su kuma fil ɗin, da na zare su, shida daga ciki gashin gammo kaɗai suka kama, ba su taɓa na jikin kai ba. Wato sun haɗe gammo da gammo, amma kusan babu abin da ya haɗe gammo da kai.

Akwai kuma laifin fil ɗin kansa. Fil mai matsi an yi shi ne don ya danne ɗan gashi kaɗan a kwance. Idan aka buɗe bakinsa da farce aka cusa masa gashi mai kauri, ƙarfen ya wage, ba ya komawa daidai, kuma gashi mai santsi yakan turo shi waje a hankali. Uku sun wage yau, an jefar.

Alhamis, 6 ga Maris (kwana 1 da wanki)

Ɗauri iri ɗaya, fil 12, roba zagaye huɗu, an ja sosai. Awa 1 da minti 10, da ciwon kai a bayan kunnuwa. Ƙarin fil da ƙarin ja ba su ƙara komai ba. Ba zan sake bin wannan hanya ba.

Asabar, 8 ga Maris

Yau ba gwajin gammo, gwajin wanki ne.

Kowane silin gashi a lulluɓe yake da ƙananan ɓawo, jere kamar ɓawon jikin kifi, bakinsu na kallon ƙarshen gashi. Idan ɓawon nan ya kwanta lif, gashi ya yi sheƙi da santsi, sili ba ya kama sili. Miƙaƙƙen gashi mai lafiya haka yake tun asali, ga shi kuma babu lanƙwasar da za ta sa ya sarƙe da ɗan'uwansa. Santsin nan alamar lafiya ce, don haka ba za a lalata gashi don a samu riƙo ba. Abin da za a rage shi ne santsin da aka ƙara da hannu.

Na karanta bayan kwalaben da nake amfani da su. Kwandishana da man da ake shafawa bayan wanki duk suna da silikon; ana gane shi da sunaye masu ƙarewa da -cone, irin dimethicone. Aikinsa ke nan ya rufe gashi da wani siririn shafi mai sulɓi, kuma yakan taru idan shamfun mai laushi ne. Don haka: wanki ɗaya da shamfu mai ƙarfin cire tari, sau biyu a fatar kai, kumfar ta gangara ta wanke sauran. Kwandishana daga kunne zuwa ƙasa kawai, ba ya taɓa gindin gashi, a ɗauraye sosai. Man bayan wanki ɗigo biyu, a santimita 10 na ƙarshe.

Shamfu mai ƙarfin nan ba na kowane wanki ba ne, yana busar da baki. Sau ɗaya a mako uku ya isa.

An yi odar fil mai siffar U, mai santimita 7, guda 20.

Talata, 11 ga Maris (kwana 3 da wanki)

Fil mai siffar U ya iso. Ba ya matsi, buɗe yake, kuma wanda bai san shi ba zai ɗauka ba zai riƙe komai ba. Sirrin a sokawa yake, ga yadda ake yi:

A kama fil ɗin ta gindinsa, a soka ƙafafunsa a gefen gammo, a ɗebi gashin naɗi na waje kamar kaurin ƙaramin yatsa, bakin fil yana kallon waje, wato yana barin tsakiyar gammo. A tura har ya taɓa fatar kai. Daga nan a juya shi ya kifa, bakinsa ya koma kallon tsakiya, a tura shi yana goga fatar kai a hankali har ya shige ƙarƙashin gammon. A wannan juyin ne yake kwaso gashin jikin kai ya ɗinke shi da na gammo. Idan an yi daidai, za a ji ɗan ja mai laushi, ba zafi ba. Idan ya shige salin-alin ba tare da an ji komai ba, bai kama ba, a zare a sake.

Guda huɗu na sa, a matsayin ƙarfe 12, 3, 6 da 9 na agogo, babu roba sam. Awa 5 da minti 15. Fil huɗu sun yi abin da goma sha biyu suka kasa.

Yadda ya lalace daban ne da na baya. Gefen bai motsa ba, tsakiya ce ta ɓullo waje kamar tsini, naɗin ciki ya fito ya bar na waje. Dalili: na murɗa jelar da ƙarfi, kuma na ɗora naɗi a kan naɗi. Igiyar da aka murɗa sosai neman warwarewa take yi kullum, a gashi mai santsi kuma babu kaushin da zai hana ta. Gyara: murɗi sassauƙa, rabin juyi a kowane kwata na zagaye, tafin hannu ɗaya a danne tsakiya yayin naɗi, kowane sabon zagaye ya kwanta a jikin kai a gefen na baya, ba a samansa ba. Gammon ya fito faffaɗa kamar faifai, kada ya yi tsayi.

Alhamis, 13 ga Maris (kwana 1 da wanki)

Da gyaran naɗi, fil huɗu da na biyar a tsakiya. Awa 4. Ranar da ta biyo bayan wanki tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin, saboda maiƙon fatar kai bai sauko ya ba gindin gashi ɗan danƙo ba.

Asabar, 15 ga Maris

Kuskure, kuma mai tsada. Na naɗe gashin da danshinsa bayan wanki, da roba a gindi, don jiƙaƙƙen gashi yana manne wa juna. Ya zauna awa 9, mafi tsawo zuwa yanzu. Amma da na kwance, tsakiyar na nan a jiƙe, da warin danshi, fatar kai tana ƙaiƙayi a ƙarƙashin inda gammon ya zauna. Mafi muni, a kan mataji na ƙirga guntayen gashi sama da 30, duk tsayinsu kusan ɗaya, babu farin ƙullin saiwa a jikinsu. Karyewa ce, ba zubewar da aka saba ba. Gashi 50 zuwa 100 kan zuba a rana ba tare da wata matsala ba, amma waɗannan sukan fito da tsawonsu da ɗan ƙullinsu a gindi.

Jiƙaƙƙen gashi ya fi miƙuwa kuma ya fi rauni. Roba ta ja shi a wuri ɗaya yana a miƙe, ta riƙe shi haka yini guda, ya karye a layin robar. Ɗayan robobin ma mai ƙarfe ce a mahaɗi, na tarar da gashi maƙale a bakin ƙarfen. Duk masu ƙarfe an fitar da su, guda huɗu. Daga yau babu gammo sai gashi ya bushe har ciki. A tabbatar da taɓa ƙeya, nan ne yake jinkirin bushewa.

Talata, 18 ga Maris (kwana 3 da wanki)

Murɗaɗɗen fil, wanda ake juya shi ya shiga kamar noti, ana sayar da shi bibbiyu. Ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa, a juya yadda hannun agogo ke tafiya, a karkata shi kaɗan ya riƙa ɗibar gashin jikin kai. Riƙonsa ya fi na kowane fil da na gwada, domin gashi ba shi da miƙaƙƙiyar hanyar da zai bi ya zame. Awa 8 da rabi.

Matsala a wajen cirewa ta fito. Na soka su suna fuskantar juna a layi ɗaya, suka haɗu a tsakiya suka sarƙe, gashi ya naɗe a tsakaninsu. Minti 12 kafin su rabu. A nan ja haramun ne: a riƙe ɗaya, a juya ɗayan baya kaɗan-kaɗan, idan ya cije a mayar da shi gaba kwata sannan a sake. Don kauce wa haka, na sama ya karkata hagu, na ƙasa ya karkata dama, a bar faɗin yatsa tsakaninsu.

Juma'a, 21 ga Maris (kwana 2 da wanki)

Tsinken gashi, guda biyu: na ƙarfe mai sheƙi da na katako, duka santimita 15. Na ƙarfen ya sulale ya faɗi kafin a gama sunkuyawa ta uku. Sai an ajiye shi don ado a kan gammon da fil ya riga ya riƙe. Na katakon yana da ɗan kaushi, ya kama, amma ya karye a hannuna lokacin juyi. Laifina ne: gammon ya yi tauri, babu wurin da tsinke zai bi, na danna shi da ƙarfi. Gammon tsinke dole a bar shi da ɗan sako-sako, tsinken ne zai cike gurbin ya ɗaure shi.

An yi odar biyu na katako mai tauri, masu ɗan kauri kamar fensir, bakinsu a fere amma ba mai kaifi ba.

Talata, 25 ga Maris (kwana 3 da wanki)

Na bar murɗaɗɗen gammo, na koma na madauki, wanda ba a murɗa shi ko kaɗan. A nan aka fara ganin haske.

A tattara jela da hannun dama. A ɗora yatsu biyu na hagu, manuni da na tsakiya, a kan gindinta. A ɗaga jelar a zagaya yatsun da ita sau ɗaya, ta yi madauki. Yatsun na nan a ciki, sai a ɗauki sauran tsawon a naɗe shi a gindin jelar, a ƙarƙashin madaukin, tsakaninsa da kai. A wannan tsawon zagaye biyu ake samu. A cusa bakin a ƙarƙashin naɗin. Yanzu a buɗe yatsun su shimfiɗa madaukin a kan naɗin. A soka tsinke ta cikin madaukin, ya nutse ƙarƙashin naɗin gindi yana ɗibar gashin jikin kai, ya ɓullo a ɗaya gefen ya hau kan bakin madaukin.

Abin da ya sa yake zama: nauyin gashi yana jan madaukin, madaukin kuma yana ƙara danne tsinke. Duk zamewar da gashin ya yi, ƙara matse ƙullin take yi. A murɗaɗɗen gammo zamewa warwara ce, a wannan kuwa ɗauri ce. Tsinke ɗaya, daƙiƙa 40, awa 9 da minti 20.

Wurin kuskure shi ne girman madauki. Yatsu uku sun ba da madauki mai faɗi, tsinke ya yi lilo a ciki. Yatsa ɗaya kuma tsinke bai samu hanya ba. Ga jela mai kaurin 7 da rabi, biyu ne daidai. Mai gashi da ya fi haka kauri za ta buƙaci uku ko tafin hannu.

26 zuwa 28 ga Maris

Na madauki kullum. Awa 7 bayan wanki, 9, sannan 10 da 'yan mintuna. An kai ga awa 10 karon farko ranar Juma'a.

Asabar, 29 ga Maris

Wani koma-baya. Wuri ɗaya a bayan kai, girman kan babban yatsa, yana zafi idan an taɓa, da 'yan ƙuraje biyu a gindin gashi. Daidai inda tsinke ke ɗibar gashin jikin kai ne, kwana huɗu a jere. Kuma gashin da yake ɗiba kaɗan ne, don haka nauyin gammo duka a kan 'yan silin nan ya rataya.

Wannan ba abin wasa ba ne. Ja mai ɗorewa a wuri ɗaya yana kawo zubewar gashi da likitocin fata suka sani sarai, ana ganinta ga masu rawar bale (wata rawar Turawa da mata kan yi da gashi a naɗe tamau) da sauran waɗanda aikinsu ke sa su ɗaure gashi tamau kullum. Alamominta na farko su ne zafi, ƙuraje, da guntayen gashi a gefen goshi ko inda ake ja. Idan aka saki da wuri gashi yana dawowa. Idan aka yi shekaru ana yi, saiwar takan mutu, wurin ya zama sanƙo na dindindin.

Sabuwar ƙa'ida: wurin gammo uku a juye, ƙeya, tsakiyar bayan kai, da sama kaɗan. Tsinke yau daga dama, gobe daga hagu, jibi daga sama. Ya kwanta sosai a jikin kai ya ɗebi gashi mai faɗi. Idan minti 5 bayan ɗauri ana jin ja a wuri guda, a kwance a sake. Kwana biyu hutu, kitso ɗaya sassauƙa a baya. Da ƙurajen sun ƙi bajewa cikin mako guda, sai ganin likita.

Talata, 1 ga Afrilu (kwana 3 da wanki)

Zafin ya tafi. Gammon kitso: a kitse jelar kitso mai igiya uku, ba tamau ba a gindi, a ɗaure baki da ƙaramar roba, a naɗe faffaɗa, fil mai siffar U guda uku. Kitso ya rage jelar daga 55 zuwa 45, ya zama zagaye ɗaya da rabi kawai. Amfaninsa biyu: gargadar kitson tana kama juna, kuma ƙafar fil tana shiga tsakanin saƙar ta tsaya cak. Awa 11 da rabi, na kwance shi ne don barci, ba don ya saki ba.

Illarsa lokaci, minti 4 da rabi, ya haura ƙa'ida. Sannan guntayen gashi suna tsirowa daga cikin kitson bayan awa uku. Ƙaramar robar kuma kada a zare ta da ja, a ɗaga zagaye ɗaya a yanke da almakashi. Roba ɗaya a rana ta fi gashi arha.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Abubuwan ƙara kaushi, a kan gammon madauki, washegarin wanki da kwanan da ya biyo.

Busasshen shamfu na feshi, wanda yawanci sitaci ne: feshi uku a gindin gashi daga nisan tsawon tafin hannu biyu, a jira minti biyu, a murza. Ya ɗaga ranar bayan wanki daga awa 7 zuwa 9 da rabi. Amma yana taruwa a fatar kai, bai dace a yi shi kwana biyu a jere ba. Feshin ruwan gishiri ya ba da riƙo, ya bar bakin gashi a bushe yana sarƙewa, an ajiye shi. Fesa wa fil feshin ƙame gashi a bar shi ya bushe kafin sokawa: dabara mai kyau, kuma gashin kansa ba ya shan komai.

Tajewa baya-baya don gashi ya yi tudu ban gwada ba, ba kuma zan gwada ba. Ɗaga ɓawon gashi take yi da ƙarfi, riƙon yini ɗaya ne a biya shi da tsagewar baki.

Guntayen gaba: nan ne fil mai matsi ya yi rana. A murɗa su baya, a sa biyu gicciye, gefen gargada yana kallon fatar kai, ba a buɗe bakin da farce.

Talata, 8 ga Afrilu

Gwajin motsa jiki, gudun minti 30 da tsalle 100. Na madauki ya saki a minti na 12, tsinke ɗaya yana juyawa idan kai na sama da ƙasa. Tsinke mai yatsu uku na katako, santimita 12, ya kai ƙarshe amma gammon ya sauko kaɗan. Gammon kitso a ƙeya da murɗaɗɗen fil biyu, an rufe da ragar gashi zagaye biyu, bai motsa ba. Gammon da ke ƙasa ya fi jure girgiza, na sama yana lilo yana jan gindinsa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Lissafin kaya zuwa yau. An saya: fil mai siffar U 20 (saura 16, huɗu sun ɓata), murɗaɗɗen fil 2, tsinke 4, mai yatsu uku 1, raga 3, ƙananan robobi fakiti 1, shamfu mai ƙarfi da busasshe kwalba ɗaiɗai, feshin gishiri 1. Asara: tsinken da ya karye, na ƙarfen da ba ya riƙo, feshin gishiri, fil mai matsi 7, robobi 4. Mai yatsu ukun shi ya fi tsada, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin yana raba nauyi wuri uku, zafin bayan kai bai dawo ba.

Tsarin mako yanzu: washegarin wanki gammon kitso, sauran kwanaki na madauki da mai yatsu uku, wuri na sauyawa kullum.

Abin da bai warwaru ba: gammon sama, a tsakar kai, har yanzu bai wuce awa 4 ba da kowace hanya, gashin ƙeya ne ke fara saki ya yi jaka. Mako mai zuwa zan gwada raba gashin gida biyu, a fara naɗe na sama a kafe shi da fil biyu, sannan a zagaye shi da na ƙasa, don kowane rabi ya ɗauki nauyin kansa. Za a kuma rage santimita 2 a baki, saboda siraran ƙarshen su ne ke fara zamewa daga ƙarƙashin naɗi. Gashi na ƙaruwa da santimita 1 zuwa 1 da rabi a wata, don haka za a sake awo ranar 3 ga Mayu, a ga ko madaukin yatsu biyu zai ci gaba da ba da zagaye biyu.